Gwiwoyin Hatem Dali

Duk wanda aka haifa a bakin kogin Meghna ya san ƙasa ba ta zama wuri guda. Kogi ya lashe gonarka bana, bayan wasu shekaru ya amayo ta can tsakiyar ruwa, sabon tsibiri mai baƙar laka wadda shinkafa ke so. Sai a fara tambayar na wane ne. Masu takarda su tafi kotu, amma kafin alƙali ya buɗe baki, wanda ya fi 'yan gora ya girbe ya kai gida. Mijin yayata, Hatem Dali, shi ne shugaban 'yan gorar gidan Hawladar, manyan masu ƙasa a yankinmu, tun kafin gemu ya fito mini. Ni sunana Kuddus, jirgin fito nake tuƙawa a mashigar Dumurkali. A jirgina aka sha kai su, a jirgina aka sha dawo da su.

Hatem gajere ne, wuyansa kamar turmi, kunnensa na hagu rabi ya rage. Gorarsa ta fi shi tsawo, ta sha mai da hayaƙin murhu har ta koma baƙa, ya sa mata zoben ƙarfe a baki. Na ga ranar da ya shiga tsakiyar mutanen gidan Molla, abokan gabar Hawladar, shi kaɗai a wani girbi, yana juya ta sama da kansa har ba a ganinta, sai dai ƙarar iska. Wanda ya fara matsowa, haƙoransa muka tsinta a laka. Na biyu ya ɗaga hannu ya kare, hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Da aka gama ya zauna a bakin jirgi ya wanke gorar da ruwan kogi, ya jefa ganyen pan, goron mutanenmu, a baki yana tauna, ya ce mini, "Kai ƙanin mata, rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga. Tuƙa."

Ba zan ce a gida mutumin kirki ne ba. Yayata Amiron tana da giɓi a gaba, shi ya yi mata, wai shinkafa ta huce. Ranar da na je yi masa magana, ɗaga ni ya yi ya jefa a tafkin bayan gida, ya koma ya ci gaba da cin abincinsa. Ɗansu ɗaya, Delwar, ya tashi da shatin igiya a baya, kuma da ya girma ya ɗauki gora kamar ubansa.

Da Hatem ya haura sittin sai gwiwoyi suka juya masa baya. Da asuba yakan daɗe a bakin gado yana zaginsu kafin su yarda su miƙe. In ya taka, kana jin ƙurus-ƙurus kamar ana niƙa tsakuwa. Tsugunno ya gagara, sujada ta zama yaƙi. Shi kuwa magani ɗaya ya sani ga duk abin da ya ƙi masa biyayya: duka. Ya dunƙule hannu ya riƙa naushin gwiwar har ta kumbura. Ya je wurin wani mai magani aka ɗora masa ƙarfe mai zafi, gidan duk ya cika da ƙaurin nama. Ya sha ƙwayoyin kashe zafi kamar mai cin gyaɗa, har ya fara amai da jini.

Wata ranar kasuwa yana saukowa daga jirgina, a kan katakon da muke shimfiɗawa zuwa gaɓa, gwiwar hagu ta saki. Ya faɗa laka, zanen lunginsa ya kwance, kasuwa duk tana kallo. Wani saurayi daga ɓangaren Molla ya matso yana dariya.

"Baffa Hatem, kifi kake nema? A kawo maka kwando?"

Hatem ya kai hannu. Daga kwancen ya cafki idon sawunsa ya fizgo, ya hau ruwan cikinsa, ya sa goshi ya fasa masa hanci, ya danna kansa cikin laka. Da ƙyar muka ɓamɓare shi. Amma da aka janye saurayin, Hatem ya yunƙura ya kasa tashi. Ya sake, ya kasa. Ɗaukarsa muka yi kamar buhun shinkafa, mata masu sayar da kifi suna rufe baki da gyale. Wannan ɗaukar ce ta sa ya yarda na kai shi asibitin birni.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ba ya dawowa, aikin tiyata kuwa sai Dhaka, babban birnin ƙasa, kuma abin bai kai nan ba tukuna. Ya tura mu wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin masu gashin ƙashi. Can muka tarar da wata siririyar yarinya mai tabarau, Tanjila, wadda ko Delwar ya girme ta.

"Baffa, kwanta ka miƙe ƙafa. Ɗaga. Riƙe ta nan, kada ka bari in sauke."

Ta ɗora yatsu biyu a kan ƙwaurinsa ta danna. Ƙafar ta faɗi kan gado kamar tsumma. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na matsa kusa don na san hannunsa.

"Ka gani," ta ce, ko a jikinta. "Saboda zafi ka daina aiki da ƙafar, naman cinya ya zube, duk nauyinka ya koma kan ƙashi. Cinyar za mu tayar. Ƙwaya ba za ta yi maka wannan ba."

Ta nuna masa: ya naɗe tawul ya sa ƙarƙashin gwiwa ya danna, ya zauna kan kujera ya miƙe ƙafa ya riƙe, ya tashi daga kujera ya koma ba tare da dafa komai ba. Safe da yamma. Ya bar tsugunno, ya riƙa salla a kujera. Ta ce hanya da nisa, ga ruwa, ba sai ya riƙa zuwa ba, ita za ta riƙa kiransa a waya kowace Talata da hantsi.

A jirgi muna dawowa ya tofar da pan a ruwa. "Na zo neman allura, an ba ni wasan yara."

Talatar farko wayarsa ta yi ƙara, ya ji muryarta, ya maka wayar a jikin bishiyar kwakwa ta tarwatse. Talata ta biyu sai ga kira a tawa, ashe ta ajiye lambata. Na ɗaure jirgi na kai wa Amiron. Yayata ta saurara tana gyaɗa kai, sannan ta sa murya a fili ta ajiye wayar kan tabarma, nesa da hannunsa.

"Salamu alaikum, Baffa. Yaya ƙafa?"

Ya zage ta, ya zagi asibitin, ya zagi uban wanda ya ƙirƙiro waya. Ta bar shi har numfashinsa ya ƙare.

"Ka gama? To jawo kujera. Ina ji."

"Na yi tun asuba."

"Ƙarya yake!" Amiron ta ɗaga murya daga bakin murhu. "Tawul ɗin ma akuya ya ɗaure da shi."

Ya rarumi kwano zai jefe ta, ta koma bayan ginshiƙi. Tun aurensu ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. Ranar ta gane cewa taku kaɗan sun ishe ta tsira, ba zai iya cim mata ba. Daga nan ita ce ta zama idon Tanjila a gidan.

Ya dai zauna. Ya miƙe ƙafar, cinyar tana rawa, gumi na tsiyaya daga gemunsa, yana kururuwa kamar sa a hannun mahauta. Tanjila tana ƙirga masa ta waya, a hankali, kamar da gangan. Da ya zo tashi sai ya dafa hannun kujerar da ƙarfi har katakon ya tsage.

"Zafin a ina yake, Baffa? Cikin gaɓar ne ko a nama?"

"A uwar gaɓar!"

"In ya lafa kafin azahar, ba komai. In ta kumbura ta ɗau zafi, a rage, a gaya mini."

Ni kuwa bakina ba ya iya shiru. "Sarkin gora," na ce, "yau ga mace tana juya ka daga birni, ko ganinka ba ta yi." Kwanon da Amiron ta tsere wa ni ya samu. Tabon na nan a girata.

Juma'ar da ya fara zuwa masallaci da kujerar roba, wani sa'ansa mai suna Gofur ya raɗa wa na kusa da shi cewa Hatem ya zama alƙali. Hatem ya jira aka sallame, aka fito haraba, ya karya kujerar a gadon bayan Gofur. Da Amiron ta kai ƙara ran Talata, Tanjila ta yi ajiyar zuciya ta ce a sayi wata kujerar, ta katako mai nauyi wadda ba zai iya ɗagawa ba.

Haka aka yi ta ja har tsakiyar damina, yau ya yi, gobe ya ƙi. A lokacin sabon tsibirin da ya fito gabas da mu ya yi kore shar. Gidan Hawladar sun riga kowa watsa iri, gidan Molla suka ce ƙasar kakansu ce ta dawo. Kowa ya san za a zubar da jini a girbi. Hawladar ya aiko a kira masa shugaban 'yan gora. Ɗan aiken ya tarar da Hatem zaune a ƙofar gida, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaya ko Delwar na ciki.

Daga ranar Hatem ya canza. Ya riƙa yi safe, rana, yamma. Ya ɗaura bulo a ƙafa yana ɗagawa. Kafin mako ya zagayo gwiwar ta kumbura kamar kabewa, ko bayan gida sai an riƙe shi. Tanjila ta ji daga bakin Amiron, ranar ce na fara jin ta ɗaga murya.

"Wa ya ce ka ɗaura bulo? So kake ka tashi ko so kake ka gurgunce? Ka huta har kumburin ya sauka, sannan mu koma inda muka tsaya. Yadda na ce, ba ƙari."

Na jira in ji ashar. Sai ya ce, "To, uwata." Mutumin da ko liman bai taɓa ce wa to ba.

Ya kuwa bi. Ta riƙa ƙara masa a hankali: hawa dakali da sauka, tsayuwa a ƙafa ɗaya yana dafe da bango, tafiya zuwa masallaci, daga baya har mashiga. Zafin bai tafi duka ba, ƙarar ma tana nan, amma cinyar ta ciko. Ya bar ƙwayoyi. Kafin shinkafa ta nuna ya hau katakon jirgina ba mai riƙe shi, ya tsaya a tsakiya ya zuba mini ido, wai in na isa in yi magana.

Har jiran Talata ya fara yi. Tun safe zai sa a cika masa cajin sabuwar wayar da Delwar ya sayo, ya taje gemu kamar za ta gan shi. Wata rana ta tambaye shi abin da ya fi so ya iya yi da ƙafar nan. Ya ce so yake ya shiga gona ya yanki shinkafa da hannunsa. Ta ji daɗi, ta ce a dai yi hankali da laka mai zurfi. Amiron kuwa ta ga ya sauko da gorar daga rufin ɗaki yana shafa mata mai. Ta faki idonsa ta ɗauki wayar, ta zagaya gindin ayaba ta gaya wa Tanjila komai.

Talata mai zuwa Tanjila ba ta tambayi ƙafa ba.

"Baffa, gaskiya ne abin da na ji?"

"Mata da surutu."

"Ban wahala da kai don ka je ka fasa kan ɗan wani ba. Yi mini alkawari."

"Uwata, ke ƙafa aka ba ki ki gyara, kin gyara, Allah Ya saka. Inda za ta je kuma ba a ba ki ba."

Ya kashe wayar. Ta sake kira, bai ɗauka ba. Ta kira ni, na ce zan yi ƙoƙari, ni da ita duk mun san ba mai tare shi.

Ranar girbi da sassafe jirage suka cika da masu lauje da 'yan gora. Sai ga Hatem yana saukowa, lungi a ɗaure tamau tsakanin cinyoyi, garkuwar kara a hannun hagu. Delwar ya tare shi a bakin katako.

"Baba, koma gida. Yau ba ranarka ba ce."

Marin da Hatem ya ɗauke shi da shi har na jirgin ƙarshe sun ji. Ya ratsa ya shiga jirgina ya zauna a gaba.

Muka sauka, masu lauje suka fara yanka, babu kowa. Rana ta ɗaga, mutane suka saki jiki, wasu har sun kunna taba. Ashe mutanen Molla tun jiya suna kwance cikin dogayen ciyayin gefen kudu. Suka taso gaba ɗaya da ihu, kuma ba gora kaɗai suka zo da ita ba, akwai adduna, akwai mashin kifi mai ƙayoyi. Masu lauje suka watse suna faɗawa ruwa. Wani ya zo ya kama gefen jirgina, yatsunsa biyu babu, yana kiran uwarsa.

Delwar na gaba. Na ga ya kayar da ɗaya, ya juya ga na biyu, sai mashi ya zo ta gefe ya shige shi ƙarƙashin haƙarƙari. Ya durƙusa yana riƙe da sandar mashin da hannu biyu, kamar mai mamaki.

Hatem yana can baya, laka ta kai ƙwauri, ba ya iya gudu. Bai yi gudun ba. Ya riƙa cire ƙafa yana dasawa, ɗaya bayan ɗaya, gorar na juyawa. Wani mai adda ya tare shi, Hatem ya sauke masa a wuyan hannu, addar ta yi sama, ya ƙara masa a haƙarƙari. Wani ya zo ta dama, ya zungure shi da bakin ƙarfen a maƙogwaro. Ya isa kan ɗansa ya tsaya, ƙafa a buɗe, ya hana kowa matsowa. Ni da ke kallo daga jirgi na manta da shekarunsa.

Cikin waɗanda suka kewaye shi akwai wani saurayi, Sobuj, ɗan ƙwadago ne da aka ɗauko daga wani ƙauye aka danƙa masa gora, ko riƙonta bai iya ba. Turo shi aka yi daga baya. Hatem ya same shi a gefen kai, sama da kunne. Ƙarar kamar an fasa kwakwa. Sobuj ya faɗi yana shure-shure. A daidai nan wani tsohon hannu, wanda ya san labarin faɗuwar kasuwa, ya zagayo ta gefe ya sauke gora mai ƙarfe a gwiwar hagu da iya ƙarfinsa. Hatem ya kife kan Delwar. Suka rufe shi da duka, baya, kafaɗa, kai, bai motsa daga kan ɗansa ba, har aka ji jiniyar jirgin 'yan sanda kowa ya nemi ruwa.

Muka jawo su cikin jirgi. Mashin ba ya ciruwa saboda ƙayoyin, sai sandar muka sare. Na tayar da inji na nufi gaɓar birni, jini na gudu tsakanin katakai yana taruwa a ƙafata. Hatem ya ɗora kan Delwar a cinyarsa. Ƙafarsa ta hagu tana kallon inda bai kamata ba, bai ko dube ta ba. Yana ta cewa, "Kai, buɗe ido. Don ubanka buɗe ido." Ba mu kai rabin kogi ba Delwar ya cika.

Ƙoƙon gwiwar Hatem ya farfashe. Likitoci suka haɗa abin da ya haɗu, suka ce ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasawa ba. Yana kwance, ankwa ta haɗa hannunsa da ƙarfen gado, ɗan sanda na gyangyaɗi a kujera, sai ga Tanjila. Wannan ne karo na biyu da suka ga juna ido da ido. Ta tsaya a ƙarshen gado ta daɗe tana kallon filastar.

"Na ji rasuwar Delwar. Allah Ya jiƙansa."

Ya gyaɗa kai.

"Yaron da ka buga yana ɗakin sama. Ya farfaɗo. Ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, ko sunansa ba ya iya faɗa. Ni aka ba shi."

Hatem ya juya fuska ga bango.

"Juyo ka dube ni, Baffa. Wata nawa ina ƙirga maka? Da bakina na ƙirga maka." Ta cire tabarau ta goge. Na ɗauka fita za ta yi. Sai ta ɗage zanen da ya rufe ƙafar dama, ta taɓa cinyar. "Wannan ce za ta ɗauki nauyin biyu yanzu. In ka bar ta kwance za ta zube kafin a sallame ka. Danna gwiwar ƙasa."

Bai danna ba. Ta jira, ta jira, sannan ta mayar da zanen ta tafi.

Ya yi shekara uku a kurkuku. Gidan Hawladar ko lauya ba su aiko ba, sun shirya da gidan Molla sun raba tsibirin tun kafin a yi arba'in ɗin Delwar. Tanjila ba ta ƙara kiransa ba. Amiron take kira jefi-jefi, don ita ma nata gwiwoyin sun fara, kuma yayata ta fi mijinta jin magana, har yau da ƙafarta take zuwa kasuwa. Bayan nan aka mayar da Tanjila wani asibitin can arewa, kiran ya yanke.

Hatem ya fito a rame, gemu fari fat, yana jan ƙafar hagu kamar itace. Amiron tana zuba masa abinci, tana wanke masa kaya, amma tun ranar da aka shigo da gawar ɗanta ba ta ƙara haɗa ido da shi ba. Da hantsi yakan dogara sanda ya zo mashiga ya zauna a bencin mai shayi, ƙafar a miƙe, masu wucewa suna tsallakewa.

Sobuj yana raye. Duk wata uwarsa takan kawo shi su hau jirgina zuwa asibiti, tana riƙe da shi ta ƙugu, yana jan ƙafa, yawu na zuba a rigarsa. Hanyar zuwa katako ta gaban bencin ta bi, babu wata. Shi Sobuj bai gane Hatem ba, yakan yi masa murmushi da rabin baki kamar yadda yake yi wa kowa. Uwar kuwa ta san shi. Takan tsaya, ta tattaro yawu ta tofa masa, wani lokaci a riga, wani lokaci a fuska. Karon farko mai shayi ya ja da baya da butarsa, mu duka muka zuba wa sandar da ke hannun Hatem ido. Bai ɗaga ta ba. Jingine ta ya yi, ya sa hannu biyu ya janye ƙafar don su sami hanya.

Na ce masa ya riƙa zama a gida ranar da za su zo, ai ni na san ranar, zan riƙa gaya masa. Ya ce in kula da jirgina. Ran nan ma da suka zo yana nan a bencin.